Kwance-Duka Ya Ƙi Bin Ta Cinya

A layin teloli, in kekenka ya fara tsallake ɗinki ko ya kama cin zare kamar akuya ta samu takarda, mutum ɗaya ake kira. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, ko matarsa sai ta ɗan kalli sama kafin ta tuno shi. Kwance-Duka kowa ya sani.

Sunan kuwa bai zo a banza ba. Ka kira shi ka ce, "Baba, bel ne kawai ya saki, ɗan ja mini shi," sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Kai ka ƙera keken?" Daga nan ya zaro wani farin tsumma daga jakarsa ya shimfiɗa a kan teburinka, ya ɗauko sukudireba. Kafin ka je ka sha ruwa ka dawo, kekenka ya zama kayan gwanjo: kusoshi a jere manya gaba ƙanana baya, ƙarafa kowanne da mazauninsa, kai kuma kana tsaye da rigar mutane a hannu kana salati. Awa uku zai yi. Ba ya sauri, ba ya hira, in ka matsa masa ya ƙara rabin awa. Amma in ya mayar ya taka feda, sai ka ji keken yana tafiya lumui kamar yau aka ɓare shi daga kwali. Shi ya sa teloli suke zaginsa da safe su neme shi da rana.

Ba haka aka haife shi ba. Yana ɗan shekara ashirin da uku, sabon fita daga hannun maigidansa, wani tela ya kira shi, ga kayan makaranta na yara ɗari biyu jibge a shago, keke yana ƙara. Saurayi yana sauri zai je wani wuri, ya ɗiga mai ta sama, ya ɗaure kusa ɗaya daga waje, ƙarar ta lafa, ya ce an gama. Bayan kwana tara keken ya ƙame a tsakiyar aiki. Telan bai yi wata-wata ba, ya cire kan keken ya rungumo shi har tsakiyar titi, ya dire masa a gaban jama'a, ya ce, "Ga aikinka, mai shafe-shafe!" Da saurayin ya buɗe shi a gida, ashe wani ɗan ƙarfe ne can ciki haƙoransa suka cinye. Da ya buɗe tun farko, da ido ɗaya ma zai gani. Tun daga ranar bai sake gyara abin da bai ga cikinsa ba, kuma bai sake barin tsohon ƙarfe ya kwana a cikin keken kowa ba.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa. Kan keke na ƙarfe zalla, wanda samari biyu suke kamawa suna nishi, shi a kafaɗa yake saɓa shi ya hau bene hawa biyu inda shagunan teloli suke. Haka yake yi har ya kai saba'in da ɗaya.

A shekarar ne ya fara tsayawa a tsakiyar matakala. In wani ya gan shi, sai ya zaro waya ya kara a kunne, yana "To, to, na ji," alhali wayar ko caji babu. Ƙirjinsa ne yake matsewa, numfashi ya gagara. Wata huɗu yana amsa wayar da ba a kira ba, bai gaya wa kowa ba. Ran nan da hantsi, yana ɗauke da keken Dogo, wani tela abokin tsokanarsa, sai matakala ta juya masa. Da ya buɗe ido, a ƙasa ya ga kansa, teloli sun kewaye shi ana yayyafa masa ruwa.

"Keken fa?" Abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan.

Dogo ya ce, "Keken lafiyarsa ƙalau, tsohon banza. Kai ne ka tsallake ɗinki."

A asibiti, bayan an yi ta yawo da shi daga wannan ɗaki zuwa wancan, aka kai shi gaban likitar zuciya, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɗaga murya. Ta ɗora abin sauraronta a ƙirjinsa ta daɗe tana ji. Shi kuwa mutumin da ya yi shekara hamsin yana gane ciwon keke da kunne, ai ba zai iya haƙuri ba.

"'Yata, in ba laifi, ara mini in ji abina."

Ta yi murmushi ta sa masa a kunne. Ya rufe ido. Can ya ce, "Akwai inda ya matse. Abu yana wucewa da ƙyar, yana huci."

Ta ce, "Baba, ka rage mini aiki." Ta juyo masa da hoton zuciyar ta nuna masa. Akwai wata ƙofa da jini yake bi in zai fita daga zuciya ya shiga babbar jijiya. Tasa ta yi tauri, ta daskare kamar dutse, ba ta buɗuwa sai kaɗan. Zuciyar tana turawa da ƙarfin tsiya, jiki ba ya samun abin da ya ishe shi. Babu ƙwayar da za ta sake buɗe ta. Kuma tunda har an kai ga faɗuwa, zama a zuba ido ba dabara ba ce. Dole a sa sabuwa.

Har nan dai da shi ake magana. Daga nan sai babban ɗansa ya iso.

Manaja ake ce masa, ko da yake a ofis ɗinsu akwai manajoji uku a samansa. Waya biyu, makullin mota a yatsa, kuma yana son ubansa har ga Allah. Matsalarsa ɗaya ce: a duniya babu abin da yake ƙauna kamar ya shirya wa mutane rayuwarsu. Ya ja likita gefe a baranda, aka juya harshe zuwa Turanci, tsoho yana zaune a benci yana kallon bakinsu kamar an kai kurma kallon wa'azi.

Da suka koma gida, Manaja ya zauna a bakin kujera ya ce, "Baba, alhamdu lillahi, an gama magana. Ɗan ƙaramin aiki ne. Ta cinya za su bi, ba yanka ba komai. Kwana biyu uku ka dawo gida."

"An gama magana da wa?"

"Da likita mana."

"Ita ce ta faɗi a matakala?"

"Haba Baba."

"Ko kai ne?"

Matar tsohon, wadda yake kira Gwamnati saboda ita ke da hukuncin ƙarshe a gidan, tana ninke kaya a gefe. Ba ta ɗago ba ta ce wa Manaja, "Na gaya maka a mota, ka ce ka san yadda za ka bi da shi. Bi da shi mu gani."

Ranar da aka koma, likitoci biyu ne a ɗakin: likitar zuciya, da likitan fiɗa, wani ƙato mai hannuwa kamar na maƙeri. Manaja ya buɗe baki zai fara Turanci, tsoho ya ɗaga hannu.

"Yau da bakin da na iya za a yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai zauna can."

Likitar ta ce dama abin da ta tara su a kai ke nan, ba ta sa wa mutum rana sai ta ji daga bakinsa. Ta ce hanya biyu ce. Ta farko, a shiga ta jijiyar da ke matsematsi da wani siririn bututu, a tura sabuwar ƙofa a naɗe har zuciya, a buɗe ta a can.

Kwance-Duka ya ce, "Aikin lalube ke nan. A tsaya a cinya a gyara ƙirji? Ni ma na taɓa yin irinsa, har yau ban manta abin da aka kira ni ba."

"A nan ka yi kuskure, Baba," in ji ta. "Ba lalube muke ba. Muna kallon komai a allo tun daga shigarsa har zamansa, kuma kafin ranar mun auna wurin da hoto fiye da yadda kake auna kusa. Aiki ne mai kyau. Mutane da yawa da ba za su iya jure fiɗa ba, da shi suke raye."

Ya sosa gemu. Ba ya son a gyara masa magana, amma yana girmama wanda ya san aikinsa. "To na janye lalube. Tsohuwar ƙofar, ta ina kuke fito da ita?"

"Ba ma fito da ita. Sabuwar ce take ture ta gefe, ta zauna a cikinta."

"Ta zauna a cikinta." Ya juya ya dubi Gwamnati. "Kin ji? Ta zauna a cikinta."

Likitan fiɗa ya karɓa. Ya ce nasa aikin ba shi da daɗin ji, kuma ba zai shafa masa zuma ba. Za a raba ƙashin ƙirji, a tsayar da zuciya inji ya riƙe jini, a yanke tsohuwar ƙofa a fitar, a ɗinka sabuwa. Mako guda ko fiye a gadon asibiti. Wata biyu zuwa uku ba ɗaukar kaya, ko bokitin ruwa. Akwai ciwo, akwai zubar jini, akwai wanda ba ya tashi, ko da yake ba su da yawa a masu ƙarfi irinsa.

"Ɗinkawa kuke yi? Da hannu?"

"Da hannu."

"Zare mai kyau?"

Likitan ya yi dariya har kujera ta motsa. "Ya fi na layinku."

"Sabuwar ta ƙarfe ce?"

Likitan ya ce akwai ta ƙarfe, amma mai ita sai ya sha maganin tsinka jini har ƙarshen ransa, shi ya sa a shekarunsa sun fi son wadda ake yi da tantanin jikin saniya. Gwamnati ta ce, "Dama taurin kan ya samu, saura ƙaho." Har Manaja sai da ya yi dariya.

Sai tsoho ya yi tambayar da yake yi wa duk mai sayar masa da kayan gyara. "Wacce ta fi daɗewa?"

Likitar ta ce gaskiya ɗaya ce: duka biyun suna tsufa, babu ta har abada. Ta fiɗa an daɗe ana sa ta, an san halinta na shekaru masu yawa. Ta cinya kuwa ta nuna kyau sosai har wajen shekara goma, abin da ke bayan haka ana kan tattarawa. Ta ƙara da cewa ta cinya ta fi sauƙin tashi nesa ba kusa ba, amma ta ɗan fi jawo a dasa wa mutum batirin daidaita bugun zuciya. Da ya haura tamanin, ko kuwa da jikinsa ya yi rauni, da ba za ta ma tsaya dogon zance ba, cinya za ta ce. Amma a saba'in da ɗaya, in gwajin ƙarfinsa ya yi kyau, ƙofa biyun a buɗe suke, zaɓi nasa ne.

Manaja ya gyara zama, ya samu abin kamawa. "To ka ji, Baba. Shekara goma fa aka ce. Shekara goma ai..."

Tsoho ya juyo ya dube shi.

"Ƙarasa mana," in ji uban.

"Ba abin da nake nufi ba ke nan."

"Shekara goma ai ta ishe ni. Ƙarasa, ba dukanka zan yi ba, ba ni da numfashin. Ashe har ka auna ni ka yanke, saura ɗinki. Ubana ya yi casa'in da huɗu, da ƙafarsa ya je ɗaurin aurenka yana gyara wa mutane zama. Rai na Allah ne, yana iya karɓar abinsa kafin mu kai mota. Amma ni ba zan je in saya wa kaina kaya ina cewa a ba ni na ɗan lokaci, mai shi ya kusa tafiya ba."

Idon Manaja ya kawo ruwa. "Baba, tsoro nake ji. Za su tsayar maka da zuciya fa."

"Na ji da kunnena. Tawa ce za su tsayar."

Aka kai shi gwajin ƙarfi. Wata nas ta ce ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da ya dafa ba, ya yi bakwai, sai da ta riƙe shi ta ce ba gasa ake ba. Aka ba shi wani abu ya matsa da hannu, ya matsa, ta dubi lambar ta sake dubansa. Aka sa shi tafiya a baranda ana kallon agogo. A nan ne kawai ƙirjin ya tuna masa abin da ya kawo shi, ya jingina da bango yana haki, babu wayar da zai kara a kunne. Huhu lafiya, ƙoda lafiya. Likitoci suka ce ya je gida ya yi tunani kwana uku.

Kwana na biyu da la'asar yana zaune a tsakar gida yana goge kayan aikinsa da ba su yi datti ba, Gwamnati ta jawo kujera ta zauna dab da shi, abin da ba ta saba ba.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi mini irin amsar da kake yi wa teloli. Tunani ka yi, ko don yaron nan ya riga ka faɗa ne? Na san ka. Da fiɗa ya zaɓa maka, da yanzu kana nan kana rantsuwa sai cinya."

Ya juya sukudireba a hannu. "Da farko don shi ne," ya ce. "Ranar da ya ce an gama magana, ko ruwan sanyi ya miƙo mini ba zan sha ba. Amma na zauna na cire shi daga ciki, na sake dubawa. In na bi ta cinya, kullum zan riƙa jin tsohuwar tana nan a maƙale. Likitar ta ce ba ta cutarwa, na yarda da ita, amma ni na san kaina. Kuma in za a sake taɓa ni, gara a yi babban aikin yanzu da nake iya tashi daga kujera sau bakwai."

"Kana jin tsoro?"

"Kamar in gudu."

"To shi ke nan," ta ce. "Da ka ce ba ka ji, da na san haukan ne. Je ka sa hannu."

Ya sa hannu a takardar fiɗa da kansa, a hankali, harafi bayan harafi, don rubutunsa bai taɓa yin sauri ba. Manaja ya miƙo masa biro mai tsada, ya karɓa, wannan dai bai ƙi ba. Dogo ya zo gaishe shi ana gobe aiki, ya ce teloli sun aiko shi ya roƙi likita, in an kwance tsohon a tabbata an mayar da kowace kusa, kada a zo a ga ragowa a kan tebur.

Awa huɗu da wani abu aka yi. Aiki ya yi kyau, in ji likitan fiɗa, ƙofar da ya fitar ta fi abin da hoto ya nuna tauri.

Sai dai kyan aiki daban, kwanciya daban. Kwana na huɗu Kwance-Duka ya san ya ɗebo da zafi. Ƙirji kamar an ajiye masa kan keke a kai an manta. Tari ya zama abokin gaba, sai ya rungume matashi ya danne ƙirji kafin ya yi, hawaye na zuba ba da izininsa ba. An hana shi dafa gado da hannu in zai tashi, kada ƙashin ya motsa. Mutumin da yake hawa bene da ƙarfe a kafaɗa, yanzu zuwa bakin ƙofa sai an yi shawara. A gadon da ke kusa da shi kuwa aka kwantar da wani dattijo ɗan tamanin da uku da aka yi wa ta cinya. Shekaranjiya aka kawo shi, yau ga shi yana ɗaure igiyar takalmi, 'ya'yansa suna haɗa kaya. Da zai fita har ya ɗaga wa Kwance-Duka hannu ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ƙanena."

Manaja, wanda ya ɗauki hutu ya tare a asibitin, ya bi dattijon da kallo har ya ɓace. Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi ƙoƙari, amma bakin ya fi ƙarfinsa.

"Baba, da yanzu kai ma..."

"Na gan shi. Ba a idona aka yi aikin ba." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Tasa ta dace da shi, Allah ya sa ya more ta. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Wannan ni na ɗebo, ba wanda ya ɗura mini, kuma ko yau aka sake kawo takardar, wurin nan zan sa hannu."

Nas ta leƙo ta ce lokacin tafiya ya yi, yau har ƙarshen baranda ake so, in ba zai iya ba a bari sai an jima.

"Wa ya ce miki ba zan iya ba?" Ya rungume matashinsa, ya zuro ƙafafu ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ɗansa. "Kai, Manaja. Ajiye wayoyin nan ka zo ka tallafe ni ta baya. A hankali, ba buhu ba ne. In na miƙe ka sake ni, tafiyar ni zan yi."